Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga 'yan uwa masu kai baƙi Giethoorn da masu yaɗa hotunanta

Assalamu alaikum, 'yan uwa maza da mata.

Wannan wasiƙa taku ce, ku Hausawa mazauna Holan da Jamus da Beljiyam da kuke ɗaukar baƙinku ku kai su ƙauyen Giethoorn da ke Holan idan sanyi ya wuce. Taku ce kuma, ku da kuke gida kuna sake yaɗa bidiyon wurin a Facebook da TikTok da WhatsApp. Na ga abin da ake rubutawa a ƙarƙashin hotunan: garin da babu titi, garin da babu mota, aljannar duniya. Ni ma ina son ƙauyen nan, kuma ina zaune ba nesa da shi ba a lardin Overijssel, shi ya sa abin yake damuna. Ana nuna wa mutanenmu ruwa da furanni da gidaje masu jinka, amma ba a gaya musu yadda aka yi ruwan ya zo wurin. Talakawa ne suka haƙa shi da hannunsu, shekara ɗaruruwa, suna neman abin da za su ci, har wani ƙauye maƙwabci ya nutse a sanadin haka. Wanda ya kai baƙo wurin ya dawo da shi bai ji wannan ba, ya rage masa mafi girman abin da ya je gani.

Kafin a yi gidajen, yankin nan fadama ce mai faɗi a gefen tekun da ake kira Zuiderzee. A irin wannan fadama ciyawa da gansakuka suna mutuwa su kwanta a cikin ruwa, kuma da yake iska ba ta kai gare su, ba sa ruɓewa sosai. Sabuwa ta tsiro a kan tsohuwa, ita ma ta mutu ta kwanta. A haka ake samun wata baƙar ƙasa mai laushi wadda idan aka busar da ita take cin wuta. Mutanen Holan suna ce wa busasshiyar turf, ni kuwa zan kira ta gawayin fadama don mu fahimci juna. Kaurinta yana ƙaruwa da kamar milimita ɗaya a shekara. Wato mita ɗaya na zurfinta ya ɗauki shekara wajen 1,000 yana taruwa. Ku riƙe wannan lissafin a zuciya, domin da shi ne za ku gane nauyin abin da aka kwashe.

Sunan ƙauyen ya fara bayyana a rubuce tun farkon ƙarni na 13. Akwai labarin da ake bayarwa cewa mazauna na farko sun tarar da ƙahonin awaki birjik a cikin laka, na dabbobin da ambaliyar 1170 ta halaka, wai daga nan sunan ya samo asali. Masu tuƙa baƙi suna son wannan labari, kuma babu laifi a ba da shi a matsayin labarin kaka da kakanni. Abin da ya tabbata shi ne mutanen sun zauna a kan gawayin fadama, suka fara haƙarsa don girki da jin ɗumi, daga baya ya zama hajar sayarwa.

Ina so ku tsaya ku ga yadda aikin yake, domin a nan ne zuciyar zancen take. Na sama-sama ba shi da wuya, da shebur ake yankarsa. Amma da na sama ya ƙare, sai aka bi shi ƙarƙashin ruwa. Mutum zai tsaya a bakin rami ko a kan katako, riƙe da doguwar sanda mai zoben ƙarfe da raga a bakinta, ya zura ta cikin ruwa, ya yayo baƙar laka mai nauyi, ya ɗago ta da ƙarfin ƙugunsa da kafaɗunsa. A zuba ta a wani babban akwatin katako, a kwaɓa da ruwa a tattake har ta haɗu. Daga nan a shimfiɗa ta a kan zirin ƙasar da aka bari a gefen ramin. Idan ta ɗan sha iska, sai a ɗaura faifan katako a ƙafa a bi ta ana takawa har ta daddale. Sannan a yanka ta gunduwa-gunduwa, a juya, a jera, a sake juyawa, a tara ta tsibi-tsibi yadda iska za ta ratsa. Haƙar takan fara ne da sanyi ya sassauta, a tsaya da tsakiyar lokacin zafi don abin da aka fitar ya samu bushewa kafin hunturu. Saboda ƙarancin lokacin, tun asuba ake fita sai duhu ya yi. Maza suna cikin rami, mata da yara suna juyawa da jerawa. Duk wanda ya taɓa ɗaga bokitin jiƙaƙƙiyar laka sau goma a jere zai iya ƙiyasta abin da bayan mutum yake ji idan ya yi haka wuni guda, wata uku, shekara talatin. A yankuna da dama na arewacin Holan, ma'aikatan da ke haƙa wa wani ma tilas ne su yi cefane a kantin maigidan nasu, a farashin da ya ga dama, ladan ya koma inda ya fito.

Kowane rami da aka gama da shi ruwa ne ke cika shi. Wanda ya tashi a Kano ko Zariya ko Katsina ya san kududdufi, inda aka haƙi ƙasa aka gina gidajen unguwa, ramin ya zauna da ruwa. Tafkunan da ke kewaye da Giethoorn asalinsu ke nan, sai dai su makamashi aka haƙa a cikinsu. Hanyoyin ruwan da kuke bi da kwalekwale a tsakiyar ƙauyen kuwa, an yanka su ne don fitar da kaya, domin ƙasar ta yi laushi, keken doki ba ya iya bin ta da lodi. Ana kai gawayin tashoshin jiragen ruwa irin su Blokzijl da Zwartsluis, daga can ya tsallaka Zuiderzee zuwa Amsterdam da sauran biranen yamma. A ƙarni na 17, lokacin da Holan take tashen arziki da jiragen fatauci, da wannan gawayin ake gasa burodi, da shi ake ƙona bulo da farar ƙasa, da shi ake dafa gishiri, da shi attajirai ke ɗumama ɗakunansu. Ƙasar ba ta da dazuzzukan da za su ba ta itace isasshe, sai ta riƙa ƙona ƙasar da take tsaye a kai. Kyawawan gidajen bulo na Amsterdam da kuke ɗaukar hoto a gabansu suna da dangantaka da ramukan ƙauyuka irin wannan. Kuɗin ya tafi birni, ramin ya tsaya a ƙauye.

Sai kuma abin da ya biyo baya. Tsakanin rami da rami ana barin zirin ƙasa don shanya, kuma shi ne yake tare iska da igiyar ruwa. Amma shi ma zirin gawayi ne, kuɗi ne a kwance. Kowa ya riƙa ɗan ƙara gutsura, ramuka suna faɗi, zirin yana sirancewa. Ba na ɗora wa talakan da ke da bakuna bakwai a gida laifi don ya ƙara shebur ɗaya. Sai dai ruwa ba ya sauraron uzuri. A watan Nuwamba na 1775, da kuma Nuwamba na 1776, guguwa ta taso daga teku, ruwa ya karya shingayen gaɓa ya shigo, igiyoyi suka share waɗannan siraran zirare, ramuka suka haɗe suka zama manyan tafkuna. Wani ƙauye mai suna Beulake, na masu haƙar gawayi kamar Giethoorn, ya tafi a cikin ruwan. Tafkin da ke wurin yanzu sunansa Beulakerwijde, yana kudu da Giethoorn, kuma masu jiragen shaƙatawa suna bi ta kan inda gidajen mutane suke a da. A watan Fabrairu na 1825 wata ambaliyar ta sake zuwa, ta kashe mutum fiye da 300 a lardin Overijssel kaɗai, banda dabbobi.

Idan kuka duba taswira za ku ga bambancin da idonku. Yankin De Wieden, inda Giethoorn take, manyan tafkuna ne a buɗe. Yankin De Weerribben da ke arewa da shi, wanda aka haƙa daga baya, siraran ramuka ne a jere da zirare tsakaninsu, ba su haɗe ba. Dalili shi ne a can an kafa doka kan faɗin da za a bar wa zirin ƙasa, bayan an ga abin da ya sami maƙwabta. Wannan kaɗai ya isa a tsayar da kwalekwale a yi wa baƙo bayani na minti biyar.

Tun kafin waɗannan ambaliyoyi gawayin kusa da ƙauyen ya fara ƙarewa. Daga wajajen 1750, iyalai da yawa daga Giethoorn da kewayenta suka kwashi kayan aikinsu suka yi ƙaura zuwa lardin Friesland, inda akwai sauran fadamar da ba a taɓa ba. Can ana kiransu Gietersen, mutanen Giethoorn. Su suka kai dabarar yayo laka daga ƙarƙashin ruwa, kuma can ma aikinsu ya bar ramuka da tafkuna. 'Yan ci-rani ne, baƙi a ƙasar mutane, masu magana da wani karin harshe daban, masu yin aikin da ya fi kowane wahala. Mu da muka baro gida muka zo Turai neman abinci, ya kamata wannan ɓangaren labarin ya taɓa mu fiye da kowa.

Waɗanda suka tsaya, da kiɗa ya canza sai suka canza rawa. Ramukan da aka bari sun fara cika da wata doguwar ciyawar ruwa da ake baibaye gidaje da ita, sai yankanta ya zama sana'ar hunturu. Suka kama kamun kifi, suka yi kiwon 'yan shanu a kan guntayen filayen da ruwa ya kewaye. Komai a jirgi ake yinsa. Saniya a jirgi za a kai ta kiwo, harawa a jirgi za a kawo ta, garewanin madara a jirgi, amarya a jirgi, gawa ma a jirgi. Ƙaramin jirgin katako mai shimfiɗaɗɗen gindi da ake kira punter, wanda ake tura shi da doguwar sanda, an ƙera shi haka ne domin ruwan ba shi da zurfi. Tafkin Bovenwijde da ke jikin ƙauyen zurfinsa bai wuce kamar mita ɗaya ba a mafi yawan wurare. Gadojin katakon nan fiye da 170 an ɗaga su sama ne don jirgi mai lodin harawa ya wuce ta ƙarƙashi. Jinkar da kuke sha'awa rufin talaka ce a wancan zamani, domin ciyawar tana bayan gida, fale-falen rufi kuwa sai mai kuɗi. Idan kuka lura da tsofaffin gidajen manoma za ku ga rufin yana da doro, ɓangaren baya ya fi na gaba tsawo, saboda a can ake tara harawa, kuma tsibirin da gidan yake kai bai da filin da za a faɗaɗa. Babu abu ɗaya a cikin waɗannan da aka yi don ado.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: tun ƙarni na 16 akwai mabiya wata ɗariƙar Kirista da ake kira Menonayit a ƙauyen, mutanen da aka tsananta wa a wurare da dama saboda aƙidarsu, suka sami sauƙi a wannan lungu da ke da wuyar shiga. Majami'arsu tana nan har yau a gefen hanyar ƙafa. Ranar Lahadi akwai masu ibada a ciki, a kiyaye.

Ƙarni na 20 ya zo da nasa sauyin. Kwal ya riga ya kori gawayin fadama daga kasuwa. Wajajen 1920 aka kafa babban injin zuƙe ruwa na Stroink kusa da Vollenhove don a riƙa sarrafa tsayin ruwan yankin. A 1932 aka toshe bakin Zuiderzee da doguwar madatsa, tekun da ya sha cinye mutane ya zama tafkin ruwan daɗi. A shekarun 1930, lokacin da tattalin arzikin duniya ya karye, aka kawo marasa aikin yi daga birane, aka ba su shebur da baro, aka zaunar da su a sansanoni, suka busar da wani ɓangare na fadamar kusa da Giethoorn ya zama gonaki. Filayen nan masu faɗi da kuke wucewa a mota kafin ku isa ƙauyen, wasunsu aikin waɗannan mutane ne. A 1942 kuma aka busar da Noordoostpolder a yamma, sabuwar ƙasa da ta fi yankin gangare, ruwan fadamar ya riƙa tsiyaya zuwa can ta ƙarƙashin ƙasa, masu yankan ciyawa suka ji a jikinsu.

Har zuwa tsakiyar ƙarnin, Giethoorn ƙauyen talakawa ne da ba kowa ya damu da shi ba. A 1958 Bert Haanstra ya ɗauki fim ɗinsa Fanfare a can, labarin rigimar makaɗan ƙauye, mutanen Holan suka yi tururuwa zuwa sinima, daga nan suka fara tururuwa zuwa ƙauyen. Shekara ɗaya bayan haka, a 1959, aka gano iskar gas a Slochteren da ke lardin Groningen, zamanin ƙona ƙasa a murhu ya zama tarihi. Ƙauyen ya rasa matsayinsa na ƙaramar hukuma mai cin gashin kanta a 1973, yanzu yana ƙarƙashin Steenwijkerland. A 2015 sunansa ya shiga allon wasan Monopoly na duniya tare da manyan birane, bayan ƙuri'ar da aka yi ta intanet. Baƙi daga ƙasar Sin suka yawaita har ana rubuta alluna da harshensu. Mazauna ba su kai 3,000 ba, masu ziyara kuwa ana ƙiyasta su da kusan miliyan ɗaya a shekara.

Ba na cewa wannan ci gaban sharri ne. Jikokin masu haƙar laka yau suna da gidajen abinci da jiragen haya da ɗakunan kwana, 'ya'yansu suna karatu, babu mai tsayawa cikin ruwan sanyi tun asuba don ya ci abinci. Wanda ya san abin da kakanninsu suka sha ba zai yi musu baƙin ciki ba. Amma ku je wata Asabar a watan Yuli ku tsaya a kan gada ku kalli babbar hanyar ruwan ƙauyen. Jiragen lantarki na haya sun cika ta maƙil, gaba da baya, yawancin matuƙan ranar ce suka fara riƙe sitiyarin jirgi. Wannan ya daki wancan, wancan ya daki katakon da ke riƙe gaɓar lambun wani, ana dariya ana ɗauka a waya. Na ga wata dattijuwa ta fito da tsintsiya tana share ƙofar gidanta, wasu baƙi suka tsallaka 'yar gadarta da ke da allon da ya ce wurin na mai shi ne, suka tsaya cikin furanninta suna hoto, ɗaya har ya leƙa tagar ɗakin girkinta. Ba ta ce musu komai ba. Ta tsaya riƙe da tsintsiyar har suka gama, ta ja 'yar ƙofar gadar ta rufe. Katakon gaɓar da jirage ke duka kullum kuwa, shi ne ke hana ƙasar lambun zaizayewa cikin ruwa, ƙasar da dama can laushi gare ta.

Mu Hausawa ba ma shiga gidan mutum sai da sallama, ba ma wuce zaure sai an ce mu shigo. Wannan tarbiyyar ba ta tsaya a filin jirgin sama ba. Yawancin gadojin nan ƙofar gidan wani ce, kowace tana kaiwa ga tsibirin iyali ɗaya. Hanyar jama'a ita ce siririyar hanyar ƙafa da keke da ta bi tsawon ƙauyen, da gadojin da ke kanta. Ku gaya wa baƙinku haka tun a mota. Ku rage sautin waƙa a cikin jirgi, murya tana tafiya nesa a kan ruwa. Kada a ɗauki hoton mutum a tsakar gidansa sai an tambaye shi. Ledar abinci da robar ruwa su koma jaka. Idan babu wanda ya iya tuƙi a cikinku, ku shiga babban jirgi mai matuƙi ɗan gari, ya fi muku kwanciyar hankali, kuma zai ba ku labarin da ba za ku samu a waya ba.

Ku kuma masu rubutu a ƙarƙashin bidiyo, ku gyara zancen babu titi. Tsohon ɓangaren ƙauyen ne mota ba ta shiga. Akwai tituna a kewaye, akwai wuraren ajiye motoci, akwai bas da ke zuwa daga tashar jirgin ƙasa ta Steenwijk, akwai unguwannin da mutane ke ajiye mota a ƙofar gida. Ƙarin gishirin yana sa yaro a Gusau ko Maraɗi ya ɗauka wani wuri ne na tatsuniya da aka saukar daga sama a gyare, alhali gaskiyar ta fi amfani gare shi: mutane ne suka lalata ƙasarsu saboda talauci da buƙatar birane, suka biya da rayuka, sannan suka koyi zama da abin da ya rage.

Aikin riƙe wurin bai ƙare ba har yau. Ramin da aka bari ba ya zama ruwa har abada. Tsire-tsire suna rufe fuskarsa, su yi wata tabarma mai yawo a kan ruwa, ciyawar jinka ta kama, idan ba a yanke ta ba bishiyoyi su tsiro, wurin ya zama kurmi. Masu yankan ciyawa ne ke hana haka. Ku je a watan Janairu ko Fabrairu, lokacin da babu baƙo ko ɗaya, za ku gan su cikin hazo da dogayen takalman roba, suna yanka da ƙananan injuna, suna taje damin don fitar da shara, suna buga gindinsa a kan katako ya daidaita, suna ɗaurewa. Hannu yana tsagewa da sanyi. Sana'ar tana fama da ciyawa mai araha da ake shigowa da ita daga Sin da gabashin Turai, matasa kaɗan ne ke gadon ta. Idan suka daina, hoton da kuke zuwa ɗauka zai canza cikin shekaru kaɗan.

An mai da De Weerribben gandun ƙasa a 1992, aka haɗa shi da De Wieden a 2009 ya zama Weerribben-Wieden, faɗinsa kamar murabba'in kilomita 100. Ƙungiyar Natuurmonumenten ce ke kula da De Wieden, hukumar Staatsbosbeheer kuma da De Weerribben. A wasu wurare har sababbin ramuka suke haƙawa da gangan, don a sami buɗaɗɗen ruwa tsire-tsire su sake farawa daga tushe. A 2002 aka sake sakin karen ruwa a yankin bayan ya ɓace daga ƙasar baki ɗaya, kuma ya hayayyafa. Akwai wani jan malam-buɗe-littafi da ba a samun irinsa sai a nan da wasu 'yan fadamu na kusa.

Akwai kuma dalilin da ya shafe mu duka, har da wanda ba zai taɓa taka Holan ba. Irin wannan ƙasa mai gawayin fadama ta rufe kamar kashi 3 cikin 100 na doron duniya, banda teku, amma kabon da ta riƙe ya fi na itatuwan dukkan dazuzzukan duniya. Muddin tana jiƙe, yana kwance. Da zarar an janye ruwan, iska ta shiga, sai ta fara ruɓewa, kabon ya tashi sama, ƙasar kuma ta lotsa. A filayen kiwo na Holan da ke kan irin wannan ƙasa, lotsawar takan kai kusan santimita ɗaya a shekara a wasu wurare, abin da ya ɗauki shekara goma yana taruwa. Shi ya sa a yarjejeniyar yanayi ta ƙasar ta 2019 aka sa burin rage hayaƙin waɗannan filaye da tan miliyan ɗaya kafin 2030, kuma ana ta ja-in-ja da manoma kan ɗaga tsayin ruwa, domin saniya da tarakta ba sa son ƙasa mai laushi. Ina jin tausayin manoman, gonar gado ce a hannunsu da bashin banki a wuyansu. Duk da haka ina ganin masu cewa a bar ruwan ya hau sun fi gaskiya, kuma Beulake tana bayansu. Zafin da ke ƙaruwa a sanadin irin wannan hayaƙi ba ya tsayawa a Turai, manomin gero a Damagaram yana cikin masu karɓar sakamakonsa.

Don haka ga roƙona. Idan za ku kai baƙo, ku ware awa ɗaya ku shiga gidan tarihi na 't Olde Maat Uus da ke cikin ƙauyen, tsohon gidan manomi ne, a nan zai ga kayan aikin da ɗan ƙaramin gadon da ke cikin bango inda mutane ke kwana. Ku sa ya tsaya gaban sandar yayo laka ya dubi tsawonta. Idan akwai lokaci ku fita daga cunkoson, ku nufi Dwarsgracht da ke kusa, inda gidaje da ruwa iri ɗaya ne amma babu hayaniya, ko ku bi ta gefen Beulakerwijde ku faɗi sunan ƙauyen da ke ƙarƙashinsa. Ku sayi abinci da tsaraba a hannun mutanen garin. Wanda zai ɗora bidiyo ya ƙara layi biyu a ƙasa: an haƙa wannan ruwa da hannu don fitar da makamashi, kuma har yanzu mutane ne ke zaune a gidajen nan. Masu shirya tafiye-tafiye na ƙungiyoyinmu, ku zaɓi ranar aiki maimakon Asabar da Lahadi, ko ku je a watan Mayu ko Satumba, kuma ku sa mutum ɗaya ya karanta tarihin wurin kafin a tashi don ya yi wa sauran bayani da Hausa a hanya.

Allah ya sa mu zama baƙin da ake marmarin dawowarsu. A gaida iyali.

Wassalam,
Ɗan uwanku, mazaunin lardin Overijssel